Yadda Ake Fassara Bayanan Gado da Kwamfuta a Binciken Lafiya

Bayoinfomatiks fanni ne da ya haɗa ilimin halittu da ƙididdiga da kwamfuta. Aikinsa shi ne adana bayanan da ke fitowa daga ɗakunan gwaje-gwaje, da tsara su, da fitar da ma'anar da likita ko mai bincike zai iya aiki da ita. Masana biyu na ƙasar Holan, Paulien Hogeweg da Ben Hesper, su suka raɗa masa suna a 1970, amma aikin ya girmi sunan. Tun 1965 Margaret Dayhoff ta Amurka ta tattara jerin furotin 65 da aka sani a lokacin, ta buga su a littafi guda, ta kuma riƙa kwatanta su da kwamfuta domin gano dangantakar da ke tsakaninsu. Kwatancen nan shi ne ginshiƙin fannin har yau. Jerin haruffan gado ba ya faɗin komai shi kaɗai. Sai an ajiye shi kusa da wani jerin sannan a ga inda suka dace da inda suka saɓa.

Cikin kusan kowane tantani na jikin mutum akwai DNA, wani dogon zare mai ɗauke da umarnin gina jiki da tafiyar da shi. Sinadarai huɗu ne ke jere a kan zaren, ana taƙaita su da haruffan A, C, G da T. Ilahirin jerin, wato kundin gadon mutum, ya kai haruffa biliyan 3, kuma kowa yana da kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Ƙwayoyin gadon da ke ba da umarnin haɗa furotin kusan 20,000 ne, kuma ba su kai kashi 2 cikin 100 na kundin ba. Ragowar akwai sassan da ke kunna ƙwayoyin gado da kashe su, akwai kuma jeri masu maimaita kansu da suka cinye kusan rabin kundin.

Frederick Sanger na Ingila ya fito da hanyar karanta haruffan a 1977. Da jeri suka fara yawa sai aka buɗe rumbunan ajiya na kowa da kowa, irin su GenBank a 1982, sannan a 1990 aka fito da manhajar BLAST, wadda ke ɗaukar jeri guda ta lalubo masu kama da shi cikin rumbun a ɗan lokaci. A wannan shekara aka fara gagarumin shirin karanta kundin gadon ɗan Adam, wanda ya ɗauki shekara 13 ya ci kusan dala biliyan 3 kafin a kammala shi a 2003. Yanzu ana karanta kundin mutum guda cikin kwana ɗaya ko biyu a kan abin da bai kai dala 1,000 ba. Karatun ya yi araha, sai wahalar ta koma kan fassara, kuma a nan ne mafi yawan lokaci da kuɗin bincike ke tafiya a yau.

Na'urorin da aka fi amfani da su, irin na kamfanin Illumina, ba sa karanta zaren DNA daga farko zuwa ƙarshe. Ana daddatsa shi ne gunduwa-gunduwa, na'ura ta karanta haruffa 100 zuwa 150 daga kowace gunduwa. Domin a samu tabbaci, ana so a karanta kowane gurbi kamar sau 30, don haka mutum guda kan samar da gutsattsari kusan miliyan 600, fayil mai nauyin gigabait 100 ko kusa da haka. Na'urar tana kuskure. Ko da harafi ɗaya cikin 1,000 ta kuskure, wanda ake ɗauka karatu ne mai kyau, kurakuran za su kai miliyan 90 a kundin mutum guda. Bambance-bambancen gaskiya da ke tsakanin mutum da kundin da ake aunawa da shi kuwa miliyan 4 ne zuwa 5. Ke nan kurakuran na'ura sun ninka abin da ake nema kusan sau ashirin, kuma aikin farko na mai sarrafa bayanai shi ne rarrabe su.

Ana farawa da tace gutsattsarin, a zubar da waɗanda na'urar kanta ta nuna ba ta da tabbaci a kansu. Daga nan manhaja ta nemo wa kowane gutsure mazauninsa a kan kundin awo, wanda shi ne jerin da aka amince a riƙa kwatanta kowa da shi. Aikin ya yi kama da na malamin da ke muƙabalar kwafe-kwafen littafin da aka rubuta da hannu: in kwafi ɗaya ne cikin talatin ya saɓa wa asali a wata kalma, tuntuɓen alƙalami ne, in kuwa rabinsu ko dukansu sun saɓa a wuri guda, to akwai magana. Haka manhaja ke yi da lissafi. Idan gutsattsari 15 cikin 30 sun nuna T inda kundin awo ke da A, alama ce mutumin ya gaji T daga ɗaya cikin iyayensa. Idan gutsure ɗaya ne kawai, sai a yi watsi da shi. Sassan da ke maimaita kansu su ne suka fi ba da wahala, domin gajeren gutsure yana iya dacewa da wurare da yawa. Saboda haka ne kusan kashi 8 cikin 100 na kundin ɗan Adam ya kasance ba a karanta ba har sai 2022, lokacin da na'urori masu karanta dogon jeri suka cike giɓin.

Kundin awon shi kansa yana da tarihi da ya kamata a sani. Kusan kashi 70 cikin 100 nasa ya fito ne daga mutum guda da ya ba da jininsa a birnin Buffalo na jihar New York. Wani bincike da aka buga a 2019 ya duba mutum 910 masu tushen Afirka, ya samu haruffa kusan miliyan 300 da babu su sam a kundin awo. Gutsuren da ba shi da mazauni a kundin, manhaja kan ajiye shi gefe ne, ba wanda zai sake waiwayarsa. Wannan ne ya sa a 2023 aka fito da sabon kundin awo na gwaji da aka haɗa daga mutum 47 na sassan duniya daban-daban.

Bayan an samu jerin bambance-bambancen mutum, sai tambayar likita ta shigo: wanne ne cikinsu ya jawo ciwon? A wajen yaron da aka haifa da wata cuta da ba a saba gani ba, ana bin hanyar rage yawa ne mataki-mataki. Duk bambancin da ya yawaita cikin jama'a masu lafiya ana cire shi, ta hanyar duba rumbuna irin su gnomAD, wanda ya tattara bayanan dubban ɗaruruwan mutane. Sai a tsaya kan waɗanda ke sauya furotin, a kwatanta da na uwa da uba, a ga wanne ne yaron ya gada daga ɓangarori biyu, ko wanne ne sabo da babu shi a jikin iyayen. Daga miliyoyi a kan dawo ga 'yan ƙalilan, waɗanda ƙwararre zai zauna ya duba ɗaya bayan ɗaya. Ƙa'idar da masana gado na Amurka suka fitar a 2015 ta kasa bambance-bambance gida biyar, daga mai jawo cuta tabbas zuwa marar illa tabbas, a tsakiya kuma akwai rukunin waɗanda ba a san matsayinsu ba. Wannan rukuni na tsakiya yana da girma ƙwarai, kuma shi ne ke jefa iyalai cikin zullumi, domin sakamako ya fito amma bai ce e ba bai ce a'a ba. A shirin karanta kundi 100,000 na Birtaniya, rahoton farko da aka buga a 2021 ya nuna an gano musabbabin cuta ga kashi 25 cikin 100 na marasa lafiyar da aka duba. Wannan nasara ce babba ga mutanen da suka shekara da shekaru suna yawon asibiti, amma dai uku cikin huɗu sun koma gida ba amsa.

Hukuncin cewa bambanci kaza ba a saba ganinsa ba ya dogara ne kacokan ga su wane ne aka ƙirga. A 2016 Arjun Manrai da abokan aikinsa suka buga wani rahoto a mujallar New England Journal of Medicine game da wata cutar kaurin tsokar zuciya da ake gado. Sun gano cewa an shaida wa wasu baƙaƙen fata na Amurka suna ɗauke da bambancin da ke jawo cutar, alhali bambancin ba shi da illa, ya dai yawaita ne cikin masu tushen Afirka. An yi masa mummunan zato ne don masu lafiyar da aka kwatanta da su tun farko kusan duk Turawa ne. Lissafin masu binciken ya nuna da an sa baƙaƙen fata ko 'yan kaɗan ne cikin rukunin awon, da ba a tafka wannan kuskure ba.

Cutar sikila misali ce ta inda harafi guda ke yin komai. A ƙwayar gadon HBB, wadda ke kan kuromosom na 11, wato ɗaya daga cikin manyan sassan kundin gado, A ta koma T a wuri ɗaya, sai sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi cikin jini ya sauya siffa. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita a ƙasar duk shekara. Gano mai AA da AS da SS ba ya buƙatar babbar kwamfuta, gwajin jini na asibiti ya wadatar. Tambayar da ta buƙaci bayoinfomatiks wata ce daban: me ya sa mutum biyu masu SS, ɗaya kullum yana kwance, ɗaya kuwa sai jefi-jefi ciwon ke tasar masa? An daɗe da sanin cewa masu sauƙin ciwon sukan ci gaba da samar da irin sinadarin jinin da jariri ke da shi a ciki, wanda a yawancin mutane yake ɗaukewa 'yan watanni bayan haihuwa. Abin da ba a sani ba shi ne makunnin da ke kashe shi.

Hanyar da ta bayyana makunnin ita ce binciken alaƙa a faɗin kundi. Ana ɗaukar mutane masu yawa, a auna wata siffa a jikinsu ko a raba su masu cuta da marasa ita, sannan a duba gurabe dubu ɗaruruwa ko miliyoyi, a ga a wane gurbi ne wani harafi ke tafiya tare da siffar. An fara samun nasara da wannan hanya a 2005 kan wata cutar ido ta tsufa, sannan a 2007 wani babban bincike na Birtaniya ya duba marasa lafiya 14,000 masu cututtuka bakwai, ya kwatanta su da masu lafiya 3,000. A nan gizo ke saƙa, domin yawan tambayoyi shi kansa tarko ne. A al'adar ƙididdiga ana karɓar sakamako idan yiwuwar samunsa bisa katari ba ta wuce 5 cikin 100 ba. Wanda ya yi gwaji miliyan ɗaya da wannan ma'auni zai samu alaƙa 50,000 ko da babu ko ɗaya ta gaskiya. Don haka aka tsaurara ma'aunin zuwa 5 cikin miliyan 100, aka kuma shardanta a sake ganin alaƙar a wani rukunin mutane dabam kafin a yarda da ita. Akwai tarko na biyu. Idan yawancin marasa lafiyar daga wata al'umma suke, masu lafiyar kuma daga wata, duk harafin da ya bambanta al'ummomin biyu zai fito kamar shi ne sanadin cuta. Sai an cire tasirin asali da lissafi sannan sakamakon ke da daraja. Rahotanni da dama na shekarun 1990, masu cewa an gano ƙwayar gadon cuta kaza daga marasa lafiya ɗari ko ɗari biyu, sun rushe ne a kan waɗannan tarkuna biyu.

A 2007 da 2008 bincike irin wannan, ɗaya a Landan ɗaya a tsibirin Sardiniya na Italiya, ya nuna wani gurbi a kuromosom na 2, cikin ƙwayar gadon BCL11A, wadda ba wanda ya taɓa danganta ta da wannan al'amari. Kwamfuta iyakarta ke nan: ta nuna wuri. Ɗakin gwaje-gwajen Stuart Orkin a Boston ne ya tabbatar a 2008 cewa BCL11A ita ce ke kashe sinadarin jinin jarirai, sannan a 2013 aka gano ɗan sashen da ke kunna ta cikin tantanin jini kaɗai. A kan wannan aka gina maganin Casgevy, wanda ke datse sashen da fasahar gyaran gado ta CRISPR domin jiki ya koma samar da sinadarin jarirai. Birtaniya ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka ta biyo baya a Disamba. Shekara 16 ke nan daga alamar ƙididdiga zuwa magani. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum guda, wanda ke nufin ƙasashen da cutar ta fi addaba su ne suka fi nisa da shi.

Ba kowace alaƙa ke ƙarewa da irin wannan labari ba. A cututtukan da suka zama ruwan dare, kamar ciwon suga da hawan jini, abin da ake samu shi ne ɗaruruwa ko dubban gurabe, kowanne da ɗan tasiri ƙanƙane. Tsawon mutum kaɗai, wani bincike na 2022 kan mutum sama da miliyan 5 ya danganta shi da gurabe kusan 12,000. Ana tara irin waɗannan a fitar da maki guda na haɗarin kamuwa da cuta, amma makin ya fi aiki ga irin mutanen da aka gina shi a kansu. Ƙidayar da aka buga a 2019 ta nuna kashi 78 cikin 100 na mahalarta irin wannan bincike Turawa ne, masu tushen Afirka kuwa kashi 2 kacal, duk da cewa Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan bambancin gado. Abin da ake asara ta wannan giɓi ya bayyana a ƙwayar gadon APOL1. A 2010 aka gano nau'o'inta biyu da ke ƙara haɗarin ciwon ƙoda, waɗanda ake samu ga masu tushen Afirka kaɗai, kuma ake jin sun yaɗu ne don suna ba da kariya daga ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa. Wani bincike kan mutum sama da 8,000 a Gana da Nijeriya, wanda aka buga a 2024, ya samu kusan kashi 30 cikin 100 na mahalartansa suna ɗauke da kwafi biyu na waɗannan nau'o'i. Binciken da aka taƙaita ga Turawa ba zai taɓa ganin wannan ba.

A binciken sankara, ban da haruffan DNA ana kuma auna ƙarfin aikin kowace ƙwayar gado cikin ƙari, wato wacce ke kunne da wacce ke kashe. A 1999 Todd Golub da abokan aikinsa suka auna ƙwayoyin gado kusan 7,000 a samfurin marasa lafiya 38, suka nuna kwamfuta na iya rarrabe nau'o'i biyu na sankarar jini daga wannan awo kaɗai. Shekara guda bayan haka aka nuna cewa sankarar mama ba cuta ɗaya ba ce, rukunai ne masu hali daban-daban da ke buƙatar magani daban-daban. Shirin TCGA na Amurka, wanda aka fara a 2006, ya tattara irin waɗannan bayanai daga marasa lafiya sama da 11,000 masu nau'in sankara 33, ya kuma buɗe su ga masu bincike na duniya.

Sai dai a lura da lambobin Golub: awo 7,000, mutum 38. Duk inda abubuwan da ake aunawa suka fi mutanen yawa haka, kwamfuta za ta iya ƙirƙiro tsarin da ya raba marasa lafiyar daidai ko da bayanan shirme ne. Gwajin gaskiya shi ne a kawo sababbin marasa lafiya da tsarin bai taɓa gani ba, kuma Golub ya yi hakan. Akwai kuma tasirin ranar aiki. Idan aka sarrafa samfurin masu cuta a wata rana, na masu lafiya a wata, da wani kwalin sinadari ko hannun wani ma'aikaci, bambancin da zai fito yana iya zama na ranar ne, ba na cutar ba. Wannan ba ya gyaruwa da manhaja in an riga an yi shi. Tun wajen tsara binciken ake kauce masa.

Abin da ya faru a Jami'ar Duke ta Amurka ya nuna iyakar ɓarnar da sakaci ke iya yi. A 2006 Anil Potti da abokan aikinsa suka buga rahoto a mujallar Nature Medicine cewa suna iya hasashen maganin sankarar da zai yi wa kowane marar lafiya aiki daga awon ƙwayoyin gadonsa. Masana ƙididdiga biyu na cibiyar MD Anderson da ke Texas, Keith Baggerly da Kevin Coombes, suka yi ƙoƙarin maimaita lissafin suka kasa. Da suka tona sai suka tarar da jerin sunayen ƙwayoyin gado ya goce da layi ɗaya, an kuma juya alamun samfura, waɗanda magani ke yi wa aiki sun koma waɗanda ba ya yi wa. A lokacin an riga an fara zaɓar wa marasa lafiya magani da wannan tsari a gwaje-gwaje uku na asibiti. An dakatar da su a 2010, aka janye rahotannin, daga baya hukumar da ke sa ido kan amanar bincike a Amurka ta samu Potti da laifin maguɗin bayanai. Ko ba maguɗi, ƙananan kurakurai sun yi yawa a fannin. Manhajar Excel takan mayar da sunan ƙwayar gado irin SEPT2 ko MARCH1 kwanan wata. Wani nazari na 2016 ya samu wannan kuskure a kusan ɗaya cikin biyar na rahotannin da suka haɗo da jerin ƙwayoyin gado a fayil ɗin Excel, har a 2020 kwamitin raɗa sunaye ya haƙura ya sauya wa ƙwayoyin gado 27 suna. Dalilin da ya sa mujallu da yawa yanzu ke neman mai bincike ya ajiye ɗanyen bayanansa da umarnin kwamfutarsa inda kowa zai iya dubawa ke nan.

Inda fannin ya fi saurin amfanar jama'a shi ne bin diddigin ƙwayoyin cuta. Kundinsu ƙarami ne, kuma suna tara sauye-sauye a kai a kai yayin da suke yaɗuwa, don haka ana iya zana bishiyar nasabarsu, a ga wace ta fito daga wace, a kuma ƙiyasta lokacin da suka rabu. A annobar Ebola ta 2014, an karanta kundi 99 daga marasa lafiya 78 a Saliyo, sakamakon ya nuna cutar ta tsallako daga dabba sau ɗaya ne, daga nan mutum ke ba mutum. Biyar daga cikin marubutan rahoton, har da Dakta Sheik Humarr Khan na asibitin Kenema, cutar ta kashe su kafin a buga shi. A 2015 aka kai na'urar MinION ta kamfanin Oxford Nanopore, wadda ke shiga aljihu, ƙasar Gini, aka riƙa samun sakamako a wurin cikin kwana ɗaya ko biyu.

Irin wannan tambaya ta taso a Nijeriya a 2018, lokacin da masu zazzaɓin Lassa suka ƙaru fiye da yadda aka saba, aka fara fargabar ko wani sabon nau'i ne mai saurin bi tsakanin mutane. Cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede a jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, tare da asibitin ƙwararru na Irrua a jihar Edo, ta karanta kundin ƙwayoyin. Da mutum ne ke ba mutum, da jerin sun yi kama da juna ƙwarai. Sai aka tarar sun bambanta, kuma tsofaffin zuriyoyin da aka sani ne, waɗanda kogunan Kwara da Binuwai suka rarraba. Ma'ana, yawancin masu cutar daga ɓera suka ɗauka, kowa da nasa, don haka hankali ya koma kan ɓera da adana abinci. A shan inna kuwa bishiyar nasaba ta bayyana abin da sa ido na yau da kullum ya kasa gani. Bayan shekara biyu ba a samu cutar ba a Nijeriya, sai ta ɓulla ga yara a ƙananan hukumomin Gwoza da Jere na jihar Borno a Agustan 2016. Ƙwayar shan inna tana sauya kusan kashi 1 cikin 100 na sashen da ake karantawa duk shekara. Da aka kwatanta, sai aka ga ta fi kusa da wadda aka gani a Borno a 2011. Ba shigo da ita aka yi daga waje ba. Shekara biyar ta yi tana yawo a yankunan da rikici ya hana ma'aikatan rigakafi shiga.

A zazzaɓin cizon sauro, masu bincike sun yi shekara biyar suna shayar da ƙwayar cutar maganin atemisinin a ɗakin gwaji har ta fara jure masa, suka kwatanta kundinta da na asalinta, suka dace da sauyi a ƙwayar gadon kelch13, sannan suka same shi a jikin marasa lafiya a Kambodiya. An buga wannan a 2014. Da wannan alama aka gano a 2020 cewa juriyar ta ɓulla a Ruwanda, kuma nasabarta ta nuna a can ta taso da kanta, ba daga Asiya ta zo ba. A annobar korona, an saki kundin ƙwayar mai haruffa kusan 30,000 a Janairun 2020, kuma da shi aka tsara gwaji da rigakafi. ACEGID ce ta fara karanta shi a nahiyar Afirka a Maris na shekarar. Masu binciken Botswana da Afirka ta Kudu da suka sanar da duniya nau'in Omicron a Nuwamban 2021 kuwa, sakayyar da ƙasashensu suka samu ita ce hana matafiyansu shiga Turai da Amurka, matakin da ba ya ƙarfafa wa kowa gwiwar bayyana abin da ya gano.

Ƙirƙirarriyar basira ta shigo fannin da ƙarfi ta ɓangaren siffar furotin. Manhajar AlphaFold ta kamfanin DeepMind ta nuna a 2020 cewa tana iya hasashen yadda furotin ke naɗewa daga jerinsa kaɗai, zuwa 2022 ta fitar da siffofi sama da miliyan 200, masu ita kuma suka samu rabin kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2024. Ta koyi aikin ne daga siffofin da masana suka shafe shekara 50 suna ganowa a ɗakin gwaji suna zubawa a rumbun bai ɗaya, kuma hasashenta na buƙatar tabbatarwa kafin a ɗora magani a kai.

Bayanan gado ba sa ɓoyuwa ta hanyar goge suna kawai. A 2013 masu bincike a Amurka suka gano sunayen mutum kusan 50 da suka ba da samfurinsu a asirce, ta hanyar haɗa bayanan kuromosom Y da rumbunan nasaba da ke intanet. Kundin mutum kuma yana tona na iyayensa da 'yan uwansa da 'ya'yansa, waɗanda ba a nemi izininsu ba. A Afirka akwai ƙarin ƙorafi na daɗewa, cewa ana kwasar jini a fita da shi, a yi nazari a waje, a buga rahoto ba sunan 'yan ƙasa. Shirin H3Africa, wanda cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka da gidauniyar Wellcome ta Birtaniya suka ɗauki nauyi, an kafa shi ne domin a riƙa yin nazarin a nahiyar, kuma reshensa na bayoinfomatiks, H3ABioNet, wanda hedikwatarsa ta kasance a Jami'ar Cape Town, ya horar da masana a ƙasashe da dama. Na'urar karatu ana iya saye a kawo; abin da ya fi wuyar samu shi ne wutar lantarki mai ɗorewa, da intanet da zai ɗauki fayil na gigabait 100, da albashin da zai riƙe wanda aka horar. A 2020 masanan shirin suka buga nazarin mutum 426 daga ƙabilu 50 na Afirka, kuma a cikin wannan ɗan adadi kaɗai sun samu bambance-bambance sama da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa a wani rumbu ba.